Yadda Na Gyara Saitin VLC Fim Ya Daina Sarƙewa A Tsohuwar Kwamfutata

Yau ba labarin jarumi ko sabuwar waƙa na kawo mana ba. Magana ce a kan na'urar da muke kallon fim ɗin da ita, domin komai kyan fim, idan hoto yana tafiya yana tsayawa, murya ta yi gaba baki yana baya, to daɗi ya gudu.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne bikin ƙanwata. Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a nan Limawa, aka kai amarya Kano. Kakarmu ita ta raine ta tun daga yaye, amma ciwon ƙafa ya hana ta shiga mota. Kullum sai ta tambaya ko mai ɗaukar bidiyo ya kawo, tana so ta ga ɗakin da aka kai 'yarta. Ranar da filashin ya iso, bayan sallar Isha'i muka taru a falo, na kunna kwamfutar tebur ɗina, 'yar gwanjo da na saya shekarun baya. Minti ɗaya ba a yi ba hoto ya fara kakkamewa. Kiɗa yana ta tafiya, amarya kuwa ta ɗaga ƙafa ta kasa saukewa.

Kaka ta dube ni ta ce, "Kai maigida, wannan amaryar tafiya take ko tsayuwa? Ko wani ne ya riƙe mata zani?"

Kowa ya sa dariya, ni ma na yi, amma raina bai yi daɗi ba. Washegari na ɗauki kwamfutar zuwa wajen wani mai gyara. Ko buɗe ta bai yi ba ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ta tsufa, sai dai ka nemi wata." Kuɗin da ya kira sun fi abin da nake samu a wata biyu, ga shi biki ya riga ya kwashe aljihu. Na dawo da abata gida, na zauna na bi saitin VLC ɗaya bayan ɗaya. Cikin dare biyu bidiyon ya tafi sumul, ban sayi komai ba. Ga abin da na koya.

Me ke sa fim ya riƙa sarƙewa?

Bidiyo hotuna ne da ake jerawa da sauri. A tsarin da aka saba a ƙasar nan, hoto 25 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, wasu kyamarorin kuma 50 suke ɗauka. Da za a ajiye hotunan nan yadda suke, fim ɗaya sai ya cinye filash da yawa, shi ya sa ake matse su. Lokacin da ka kunna, dole kwamfuta ta warware kowane hoto ta nuna shi kafin lokacin na bayansa ya yi. Idan ta makara, VLC sai ya jefar da wanda ya makara ya kama na gaba. Wannan jefarwar ita muke gani muna cewa fim yana sarƙewa. Sauti ba shi da nauyi, shi ya sa kiɗa ke wucewa lafiya hoto na baya yana ɗingishi.

Ka kwatanta da zamanin faifan bidiyo na sidi, lokacin da ake sayo fina-finai daga Ƙofar Wambai. Hoton faifan nan ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, jimla 101,376. Bidiyon 1080p na yau kuwa 1920 ne sau 1080, wato ɗigo 2,073,600, ya ninka wancan sau 20 ke nan. Na 4K ya sake ninka 1080p sau 4. Don haka kwamfutar da ta nuna maka Sangaya da Wasila ba tare da tari ba, idan ta shaƙe a kan bidiyon biki na bana, ba lalacewa ta yi ba. Kaya ne aka ƙara mata.

Shi kuma VLC, mai alamar hular robar nan da ake jerawa a titi, ɗalibai ne suka fara shi a wata makarantar injiniyoyi da ke Faransa a 1996, aka sake shi kyauta ga kowa a 2001. Ƙungiyar VideoLAN ke kula da shi. Yana aiki a kan kwamfutoci iri-iri, don haka saitin da yake zuwa da shi na gama-gari ne. Kai ne za ka daidaita shi da ƙarfin taka.

Da farko, gano ciwon

Kada ka taɓa saiti sai ka san abin da ke damun na'urar. Kunna fim ɗin, ka danna Ctrl da J a kibod. Wani akwati zai buɗe ya nuna maka irin matsewar da aka yi wa bidiyon, da girman hotonsa, da yawan hotuna a daƙiƙa. Ka lura ko an rubuta H264, ko HEVC, ko VP9, ko AV1. A cikin akwatin nan ka shiga Statistics, ka dubi layin da aka rubuta Lost a ƙarƙashin bidiyo. Wannan lambar ita ce yawan hotunan da aka jefar. Ita ce ma'auninka: duk gyaran da ka yi, ka dawo ka duba ko ta daina hawa.

Sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, ka kalli firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Abu uku za ka iya gani:

Idan ta kai 90 ko 100 ta tsaya a can, aikin warware hoto ne ya fi ƙarfinta.

Idan tana ƙasa amma fim yana tsayawa cak na ɗan lokaci sannan ya ci gaba, matsalar daga wajen karanto fayil ɗin ne, filash ko faifai.

Idan kuwa fim ya fara lafiya, sai bayan minti 15 ko 20 ya fara shirme, ka zargi zafi.

Ni tawa Core i3 ce ƙarni na 2, ram 4, Windows 7. Bidiyon bikin H264 ne, 1080p, hoto 50 a daƙiƙa, firosesa kuma tana manne da 100. Na gane ciwon.

Mataki na 1: Duba samfurin VLC ɗinka

Shiga Help, sannan About. Nawa samfuri na 2 ne, wanda ya zo a kan kwamfutar tun ranar da na saye ta. Wannan yana da muhimmanci, domin daga samfuri na 3, wanda ya fito a watan Fabrairun 2018, aka mayar da shi yana neman taimakon sashen hoto na kwamfuta da kansa. Ka sauke sabo daga shafin VideoLAN kai tsaye, nauyinsa kusan megabait 40 ne, kuma kyauta ne. Wanda ake turawa a filash daga hannu zuwa hannu sau da yawa tsoho ne, wani ma da bairos a jikinsa.

Mataki na 2: Raba aikin da sashen hoto

Wannan shi ne babban gyaran. A cikin kwamfuta, ban da firosesa akwai sashen hoto, wanda masu gyara ke kira girafiks. A cikinsa akwai wani ɓangare da aka ƙera don warware bidiyo kawai. Idan ba a tura masa aikin ba, yana zaune ne firosesa na ta gumi ita kaɗai, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Danna Ctrl da P, ka shiga Input / Codecs. Layin farko shi ne Hardware-accelerated decoding. Idan ka tarar da shi a Disable, ka mayar da shi Automatic. Idan yana Automatic kuma ba ta canja zani ba, ka zaɓa da hannu: mai Windows 7 ya ɗauki DirectX Video Acceleration 2.0, mai Windows 10 ko 11 ya ɗauki Direct3D11. Danna Save, ka rufe VLC gaba ɗaya, ka sake buɗewa. Wannan rufewa da buɗewar kada ka manta da ita, yawancin saitin nan ba ya kamawa sai an yi ta.

Ni da na yi haka, firosesa ta sauko daga 100 zuwa ƙasa da rabi. Amma akwai kwamfutar da in ka kunna wannan sai hoto ya koma kore, ko ya farfashe, ko allo ya yi baƙi sauti na tashi. Wannan alama ce direban sashen hoton ya tsufa. Ka sabunta shi in da hali. In babu, ka mayar da saitin Disable ka wuce mataki na 4.

Mataki na 3: Daidaita hanyar fitar da hoto

A cikin akwatin saitin nan dai, shiga Video, ka nemi Output. Nan ne ake zaɓar hanyar da hoton da aka warware zai bi ya isa allo. Ƙa'idar ita ce ka haɗa kowa da abokin tafiyarsa. In ka zaɓi DirectX Video Acceleration 2.0 a baya, nan ka ɗauki Direct3D9. In Direct3D11 ka zaɓa, nan ma Direct3D11. Idan suka dace, hoto yana wucewa daga inda aka warware shi zuwa allo kai tsaye. Idan suka saɓa, sai an kwaso shi an kai wa firosesa sannan a mayar, kamar mai ɗebo ruwa daga rijiya ya zagaya bayan gida kafin ya zuba a randar da ke bakin rijiyar. In duka biyun sun ƙi, gwada OpenGL. Wanda aka rubuta Windows GDI kuwa ka bar shi a ƙarshe, shi ya fi kowanne jan ƙafa.

Mataki na 4: Rage kwalliya don a samu sauri

Wannan na waɗanda sashen hotonsu ya ƙi karɓar aiki ne, firosesa ce kaɗai ke yi. Koma Input / Codecs, ka nemi Skip H.264 in-loop deblocking filter. Bidiyon da aka matse ana yanka shi ne ƙananan murabba'ai, wannan matatar kuma ita ke goge gaɓoɓinsu don kada a ga layi. Aiki ne mai cin ƙarfi. Yana zuwa a None, wato ba a tsallake komai. Fara da Non-ref, in bai isa ba ka kai shi All. Gaskiyar magana, a All za ka ɗan ga murabba'ai a wuri mai duhu ko lokacin rawa, inda motsi ya yi yawa. A ƙaramin allo ba kowa zai lura ba, kuma da babu gara ba daɗi.

Akwai ƙari. A ƙasan akwatin ta hagu akwai Show settings, ka zaɓi All. Bi Input / Codecs, sannan Video codecs, sannan FFmpeg, ka sa alama a Allow speed tricks. A nan za ka ga Threads an sa 0. Ka bar shi haka. Sifilin ba yana nufin a kashe yake ba, yana nufin VLC ya ƙirga ƙarfin firosesarka ya raba aikin da kansa.

Sai ka danna Ctrl da E ka duba Video Effects. Da yawanmu mun taɓa kunna Sharpen ko Image adjust don fim ya ƙara haske, muka manta da su a kunne. Kowanne aiki ne da ake yi wa kowane hoto, sau 25 ko 50 a daƙiƙa. Kashe su duka.

Mataki na 5: Ƙara guzuri

Wannan na masu matsala ta biyu ne, wato firosesa na hutawa amma fim na tsayawa. VLC yana karanto ɗan gaba kaɗan ya ajiye kafin ya nuna. Idan filashin mai nawa ne, ko faifan ya karce, guzurin sai ya ƙare a tsaya jira. A cikin saitin All, danna kan Input / Codecs ɗin kansa, ka gangara ƙasa zuwa Advanced. Za ka ga File caching, da 300 ko 1000 a gabansa, ya danganta da samfurinka. Lissafin kashi dubu ne na daƙiƙa, wato 1000 daƙiƙa ɗaya ke nan. Mayar da shi 2000 ko 3000. Mai kallo daga faifai ya ƙara Disc caching, mai kallo ta intanet ya ƙara Network caching.

Kada ka zuba 60000 don ka ga wani ya ce haka. Duk yadda ka ƙara, haka fim zai ƙara jinkiri wajen tashi da kuma duk lokacin da ka tsallaka gaba. Kuma guzuri ba ya ƙara wa firosesa ƙarfi. Abin da ya fi wannan duka sauƙi: kwafe fim ɗin daga filash zuwa cikin kwamfutar kafin ka kunna.

Mataki na 6: Tsofaffin faya-fai da waƙoƙi

Masu ajiyar tsofaffin fina-finai na DVD, wani lokaci za ku ga layuka kamar haƙoran matsefi a gefen mutum idan ya motsa. Maganinsu Deinterlacing ne, yana ƙarƙashin Video. Ka bar shi a Automatic. A wajen Mode, Yadif 2x yana da kyau amma yana da nauyi, Blend ya fi sauƙi ga tsohuwar kwamfuta.

Masu jin waƙa kuma, in kana da folda cike da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita, shiga Interface ka sa alama a Allow only one instance, don kada kowace waƙa ta buɗe nata VLC ɗin daban su taru su cinye ram. A nan ƙasa ka cire alamar Allow metadata network access, domin shi ne ke fita intanet neman hoton bangon kundi, ya ci maka data. Zanen nan mai rawa da kiɗa, wanda ke ƙarƙashin Audio da sunan Visualizations, shi ma a kashe shi.

Abin da ba laifin saiti ba

Mu da ke Dutse mun san ƙurar hunturu, mun san zafin watan Afrilu lokacin da duwatsun nan suka ɗau rana. Da na buɗe murfin tawa, ƙurar da ke kan fankar firosesa ta yi kauri kamar bargo. Firosesa idan ta yi zafi da yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa fim ke farawa lafiya ya lalace daga baya. Cire wuta tukuna, ka fitar da ita waje, ka hure ta da bulowa kana riƙe da fankar don kada iska ta juya ta fiye da kima. Kada ka jingina ta da bango, kada a lulluɓe ta da zani tana aiki.

Sannan ka rufe burauza kafin kallo, ita ce babbar mai cin ram. Mai laftof ya duba Power Options a Control Panel, domin tsarin tattalin batir yana rage wa firosesa gudu da zarar an ɗauke wuta.

Inda saiti ba ya magani

Kada in yi muku alƙawarin da ba haka ba. A cikin filashin nan akwai wasu gajerun bidiyo da ƙawayen amarya suka ɗauka da waya, su duk gyaran nan bai yi musu komai ba. Da na duba, HEVC ne.

Dalili shi ne sashen hoto yana warware irin matsewar da aka ƙera shi da saninta ne kawai. H264 ya fito tun 2003, kusan kowace kwamfutar da ke kasuwa yanzu ta san shi. HEVC, wanda ake kira H265, a 2013 ya fito, kuma a firosesocin Intel sai daga ƙarni na 6 na 2015 aka samu cikakken goyon bayansa. AV1 kuwa sai ƙarni na 11 na 2020. Tawa ta 2011 ce, ba ta taɓa jin labarinsu ba. Wayoyin iPhone tun 2017 suke ɗauka da HEVC, wasu wayoyin Android ma haka.

Mafita ita ce a sauya fayil ɗin. A VLC danna Ctrl da R, ka sa bidiyon, ka danna Convert / Save, ka zaɓi Video - H.264 + MP3, ka ba shi suna da wurin ajiya. Akwai kuma manhajar HandBrake, ita ma kyauta, mai zaɓin Fast 720p30. Hoton 720p ɗigo 921,600 ne, bai kai rabin na 1080p ba, kuma a allon kwamfuta yana da kyau sosai. Sauyawar tana ɗaukar lokaci a tsohuwar na'ura, don haka ka yi ta ranar da wuta ta zauna, tun kafin baƙi su taru. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kai ne za ka ɗauki mai bidiyo, tun farko ka ce ya haɗa maka kwafi ɗaya na H264 a 720p.

Haka abin yake ga masu bin Labarina a tashar Saira Movies ko Izzar So a Bakori TV ta YouTube. Yawancin bidiyon can ana aiko su ne da VP9 ko AV1, shi ya sa burauza ke shaƙewa a tsohuwar kwamfuta. Ka rage ingancin zuwa 720p ko 480p, data ma ta yi auki. Kuma kallo a tashar masu fim ɗin shi ne yadda guminsu ke komawa aljihunsu.

Kurakurai uku da na yi

Na farko, na ɗauka Faster da ke ƙarƙashin Playback shi ne ƙara sauri. Wannan fim ɗin yake sa wa gudu, ya ƙara wa firosesa kaya. In ka taɓa shi bisa kuskure, danna alamar = ya dawo daidai.

Na biyu, na yi ta danna J da K don in daidaita murya da baki. Waɗannan suna matsar da sauti ne da kashi 50 cikin 1000 na daƙiƙa. Suna amfani idan tazarar iri ɗaya ce daga farkon fim zuwa ƙarshe. In kuwa tana ƙaruwa tana raguwa, nauyi ne, koma mataki na 2.

Na uku, daren farko na canja abu biyar lokaci guda, allo ya yi baƙi, na rasa wanne ne ya jawo. Sauri ya haifi nawa. Reset Preferences da ke ƙasan akwatin saiti shi ya cece ni, ya mayar da komai yadda ya zo. Tun daga nan abu ɗaya nake canjawa, in rufe, in buɗe, in duba Lost, sannan in ci gaba.

Dare na uku muka sake taruwa. Amarya ta sauko daga mota, ta taka har ƙofar ɗaki ba tsayawa. Kaka ta matso da kujerarta kusa da allo, ta sa na tsayar da hoton a kan gado da jeren kwanuka, ta daɗe tana kallo, sannan ta goge ido da bakin mayafi.

Ta ce, "To maigida, yau ka fita kunya. Maido min wajen buɗar kai in sake gani."

Sau uku na maido mata.

Wanda ya gwada bai dace ba, ya faɗo mana irin kwamfutarsa, da Windows ɗin da ke kai, da abin da Ctrl da J ya nuna masa, sai mu duba tare.